Mama Afiniki da Bangon Falonmu

Kafin jirgin safe ya yi kuka a tasha, Mama Afiniki ta riga ta fita. Duk wanda ke zaune a bayan layin dogo a Kafanchan ya san ta da wannan fita: ƙaton kwano a ka, 'yar fartanya a ciki, zani ɗaure bisa wata tsohuwar riga da launinta ya daɗe da ɓacewa. Bakin rafi take zuwa, inda gaɓa ta zaizaye ta bar jar ƙasa a fili. Ba ko'ina take ɗiba ba. Sai ta gutsura, ta murza tsakanin yatsu, wani lokaci har ta ɗora a harshe, sannan ta sa fartanya. Idan ta dawo gida ta tankaɗe ƙasar a rariya kamar mai shirin tuwo, ta zuba ruwan makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana bango shan ruwa, ta dama, ta rufe da buhu. Sai a lokacin take shan kununta. Daga nan ta ɗauki ƙoƙunanta da tsinkayenta da ɗan guntun tsaninta, ta nufi gidan da ake jiran ta.

Idan ta shiga gida, gaisuwarta ba ta da tsawo. Tana amsa "lafiya lau" tana tafiya wajen bango, ta ɗora tafin hannu a kai, ta yi shiru kamar nas mai duba zazzaɓi. Idan da sanyi a jikin bangon, ranar babu aiki, ko da ka yanka mata kaza.

Sana'arta ke nan, zanen bango. Ta yi ta shekara da shekaru, a bana kuma ta ajiye. Gwiwa ba ta hawan tsani, idon hagu ya fara hazo, ɗanta Kaleb ya zo zai mai da ita gida Fadan Kaje. Matan zumunta na cocinsu sun yi mata waƙa, sun ba ta zani da kula. Ni sunana Nmachi, 'yar Marcel tsohon ma'aikacin reluwe. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da malamanmu, kuma na yaga farkon wannan rubutu fiye da sau ɗaya. Amma zani yana tsufa, na ga gara a rubuta.

Ba a nan irin zanenta ya fito ba, kowa ya gani ya sani. Tana budurwa ta yi aikin wanki da girki a gidan wani malamin lissafi ɗan Indiya, lokacin da suke da yawa a makarantunmu. Matarsa, Madam Sushila, ta koyi zane a ƙasarsu, kuma kewar gida ta sa ta cika bangon barandarsu da shi. Wata rana tana fama da shafen ƙasa yana zubo mata, Afiniki ta ajiye wanki ta karɓa, domin tun tana ƙarama take yi wa mahaifiyarta yaɓen rumbu. Daga nan suka raba aiki: Afiniki ta koya wa Madam yadda ƙasar nan ke kama bango, Madam ta koya mata abin da ake ɗorawa a kai. Da malaman Indiya suka fara komawa gida, Madam ta tafi, aka shafe barandar da farin fenti. Abin da ya rage yana hannun Afiniki.

Iri uku ta iya, kuma ita ta raɗa musu suna. Na farko fari-kan-ja: bango ja wur, zane fari fat, 'yan mutane ƙanana masu jiki kamar kalangu, sun riƙe hannun juna suna rawa a zagaye, wasu na daka, wasu na noma. Na biyu cika-ido: kifi da tsuntsu da rana, da manyan idanu, da launi iri-iri, kowane layi a tagwaye, ba a barin fili ko na saukar ƙuda. Na uku ɗigo-ɗigo: a zana bishiya ko dabba, a cika cikinta da ɗigo kamar bayan zabo. Na duba a laburaren makaranta na ga na farko Warli suke ce masa, na biyu Madubani. Na ukun ban same shi ba. Da na gaya mata, ta ce, "To, su ma sun iya sa suna."

Aikinta na farko a waje, Mama Lucy mai sayar da citta ita ce shaida, don a gidanta aka yi, kuma har yau idan tana ba da labarin sai ta riƙe ciki. Madam da garin shinkafa take haɗa farin zanenta, Afiniki ma ta bi haka. Ta zana rawa a bangon waje, unguwa ta taru ta kalla. Washegari da hantsi Mama Lucy ta leƙo ta tarar da awakin maƙwabta a jere, ƙafafun gaba a jikin bango, suna lasa. Sun cinye masu rawa, sun cinye masu daka da turminsu. "Mutum uku ne suka tsira," in ji Mama Lucy, "waɗanda ta zana a kan bishiya." Barandar Madam tana da shingen waya, shi ya sa ba wanda ya san akuya na son al'adun Indiya. Afiniki ba ta yi fushi ba. Ta koma farar ƙasa da ƙaro, ta sake zanen daga farko, tun ranar kuma shinkafa ta tsaya a tukunya.

Ba ta zaɓa wa kowa, kuma ba ta yarda a zaɓa da baki. Sai ta zana duka ukun a jikin bangonka, kowanne faɗin faifai, ta tafi ta bar ka da su har Lahadi ta zagayo, ka gan su da safe, ka gan su da rana, ka gan su kana fushi, ka gan su ka ƙoshi. A gidan Alhaji Musbahu mai shagon yadi, ba sai an gaya mata ba, ba ta zana mutum ko dabba ba, ta cika zauren da ganye da reshe da layuka, har baƙinsa na Zariya suka riƙa tambaya. Doka ɗaya ce ba ta sauya ta ga Kirista ko Musulmi: uwar gida ce za ta zaɓa, kuma ita za ta ja layin farko da yatsanta.

Wannan dokar ce ta shigo da ita tsakiyar rigimar gidanmu.

Mu 'yan kudu ne, amma a nan aka haife ni. Babana ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya a 1988, muka bar kwatas muka koma ɗan gidan da ya gina. Mamata, Chinyelu, ta shiga gidan da ƙafa ɗaya. Tana yarinya ta taɓa barin Arewa a guje cikin jirgi a 1966, rikicin da ya tashi a garin nan a 1987 kuma ya dawo mata da komai sabo. Tun daga lokacin ta ɗaure akwatunanta. Mun tare a sabon gida, akwatunan suka jeru a falo a ɗaure, tukunya da tabarma kawai ta fitar. Labule yana ciki, hoton aurensu yana ciki. Ko kalandar coci ba ta yarda a kafa wa ƙusa ba. Da damina ta ƙare a shekarar da ta biyo, ta faɗa a fili: bayan Kirsimeti za ta tafi ƙauyensu kusa da Inugu, da ni da ƙanwata Chinenye. Baba ya ce shi ba inda za shi, abokansa a nan suke, kabarin uwarsa a nan yake, gidan da ya zuba ƙarfinsa a kai a nan yake. Ba su yi faɗa da ihu ba. Da sun yi, da ya fi sauƙi. Abinci muke ci ana jin ƙarar cokali. Ni kuwa na san idan Kirsimeti ta wuce, ko dai ba ni da uba a kusa ko ba ni da uwa.

Baba ne ya kira Mama Afiniki. Tunaninsa, idan falo ya yi kyau, mace ba za ta so barinsa ba. Ta zo, ta dafa bango, ta ce ya bushe. Ta kalli akwatunan. Kafin azahar ta gama faifai ukunta, a jere, daidai inda idon mai zama a kujera zai sauka.

Baba bai jira sun bushe ba. Ya nuna cika-ido. "Wannan! Mai kala-kala. Ki yi shi da fentin kanti, wanda jikokina za su zo su gani."

"Oga Marcel," in ji ta tana wanke tsinke, "kai yaushe kake zama falon nan? Safe ka tafi ofishin fansho, yamma kana wurin dara. Wanda yake share ɗaki shi yake kallon bango. Bari Madam ɗinka ya zaɓa."

"Ni ne mai gida."

"Ba wanda ya ƙwace maka."

Mama tana bakin ƙofar kicin tana gyaran egusi, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ku yi abin da kuke so, Mama Kaleb. Ni ba ni da bango a nan." Can kuma, kamar don kada ta yi wa baƙuwa rashin kunya, ta ƙara, "In kina so, ki zana mini a kan yadi, in naɗe in sa a akwati."

"Akwai masu yi a yadi. Ni ban iya ba. Hannuna ya saba da abin da ba ya motsi."

Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da Mama, ta fara ɓare egusin tare da ita, ta yi mata bayani kamar mai faɗin farashin kasuwa. Cika-ido, ta ce, idan aka yi shi da fentin kanti, ba ya neman kowa, ko an rufe gida an tafi zai zauna, sai dai ranar da ya fara ɓarewa ba a iya yi masa faci. Ɗigo-ɗigo yana cin lokaci, zai kai Kirsimeti ba ta gama ba. Fari-kan-ja kuwa ya fi sauri, ya fi sanyin ido, amma yana da sharaɗi. Ƙasa ce a kan ƙasa. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, sai an bi farin an sabunta shi, in ba haka ba mutanen su fara ɓacewa, wannan ba kai, wancan ba ƙafa.

"Saboda haka, 'yar'uwa, in tafiya za ki yi, kada ki taɓa wannan. Abin tausayi ne a bar shi. In ma gaskiya kike so, ki bar bangon haka nan. Oga shi kaɗai, farin fenti ya ishe shi."

Baba ya bi ta har bakin ƙofar gida. Ina jin su ta taga.

"Haba, Mama Kaleb! Na kira ki ki taimake ni, kin zo kina nuna mata hanyar tasha?"

"Ta san hanyar tasha kafin ni, Oga. Matar ɗan reluwe ne."

"To ki ce mata wani abu mana. Ki ce zai yi kyau."

"Zai yi kyau. Amma ba na rufe tsaga da kala. In na rufe, damina ɗaya zai buɗe, ka ce Afiniki ta cuce ka."

Ta tafi, amma ta bar ƙoƙo ɗaya a bayan ƙofar falo, da farar ƙasar da ta jiƙa. Ta ce wa Mama a riƙa motsa shi safe da yamma, in ba haka ba zai kwanta ya daskare ya zama dutse. Na tambaye ta shekaru bayan haka ko da gangan ta bar shi. Ta ce, "Kaya ya yi mini yawa ne ranar." Ban sake tambaya ba.

Mamata tana iya ƙin bango, amma ba ta iya kallon abu yana lalacewa. Ranar farko ta motsa ƙoƙon da ƙafar tsintsiya tana ƙunƙuni. Washegari ta samo muciya. Bayan nan na ga ta sa yatsa ta duba kaurinsa, ta kai hanci, ta tsaya. Ta ce, "Nzu ne ashe." Haka ake kiran farar ƙasa a yarenmu. Ba da ni take ba.

Ran Juma'a na dawo daga makaranta da rana tsaka, na tarar da ƙofar falo a buɗe. Mama tana durƙushe a gaban faifan fari-kan-ja, ƙoƙon a gefenta. A kan ragowar jan da ke kewaye da 'yan rawar, ta ja wasu layuka da ba na Mama Afiniki ba: sirara, masu lanƙwasa, ɗaya kamar jinjirin wata, ɗaya kamar sawun maciji a rairayi, ɗaya ya naɗe kansa kamar dodon koɗi. Na tsaya da jakata a kafaɗa, na rasa ko in shiga ko in koma.

"Uli," ta ce, ba ta juyo ba. "Haka kakarki take yi a bangon gidanmu, ita da matan ƙauye, kafin bikin sabuwar doya. Ni nake riƙe mata ƙoƙo." Ta goge yatsa a zani. "Da muka dawo bayan yaƙi, ko bangon babu."

Daga nan ta miƙe ta ce in je in cire yunifom, shinkafa na kan wuta. Ba ta goge layukan ba. Baba ya gan su da yamma, ya buɗe baki, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba.

Litinin Mama Afiniki ta dawo. Ta tsaya a gaban bangon, ta riƙe ƙugu, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ɓata mini aiki?"

"Gyara miki aka yi," in ji Mama. "Mutanenki kamar tsinken tsintsiya, ba ko mai nama ɗaya. Yunwa ake yi a Indiya?"

"Su rawa suke yi, ba su zauna cin akpu ba. Naki kuma mene ne wannan, tsutsa?"

"Chineke! Wata ne. Idonki ne tsutsa."

Suka yi dariya su biyu. Rabon da in ji dariyar Mama a falon nan, ban ma taɓa ji ba, don tun da muka tare ba ta yi ba. Da dariyar ta lafa, Mama ta nuna fari-kan-ja da haɓa.

"Wannan. Amma gefe-gefen nawa ne, ni zan yi."

Mama Afiniki ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Kin ji sharaɗinsa."

"Na ji tun ranar. Ba kurma ba ce ni."

"Duk shekara, 'yar'uwa."

"Mama Kaleb, ki dama ƙasarki kafin in canza ra'ayi."

Don a shafa jan sai da aka janye akwatunan daga jikin bango, ɗakin kwana kuma ba zai ɗauke su a cike ba, sai aka kwance biyu. Haka labule ya fito, ba tare da wani ya yi jawabi ba. Da jan ya bushe, Mama Afiniki ta miƙa ƙoƙo, Mama ta tsoma yatsa ta ja layin farko daga kusurwa. Layin ya ɗan karkace. Yana nan a karkace har yau, don duk shekara a kansa ake bi.

Abin da aka zana a ciki na garin nan ne. Mata na dakan acca. Ana shanya citta. Ga coci da ƙararrawa, ga mai keke da buhu a baya, ga 'yan rawar a tsakiya. Mama ce ta ce a sa jirgi. Mama Afiniki ta ce Madam Sushila ba ta koya mata jirgi ba, Baba ya ce shi zai koya mata, ranar ko dara bai je ba. Ya tsaya a kanta yana gardama a kan ƙafafun tarago, har ta ce in ya ƙara magana za ta zana shi a ƙarƙashin jirgin. Da ta gama, Baba ya ja baya, ya karkata kai.

"To, jirgin nan ina ya nufa? Inugu ko Jos? Ba a gane gabansa."

Mama tana kan tsani tana jan uli a saman bango. Ta ce, "Ba inda za shi. Isowa ya yi."

Baba ya fita waje ya daɗe yana duba tayar kekensa, wadda ba abin da ya same ta.

Ba zan ce komai ya warware ranar ba, don ba haka aka yi ba. Akwati ɗaya yana nan a ɗaure a ƙarƙashin gadon Mama har yanzu, ba mai taɓa shi. Da hankali ya sake tashi a yankin nan a 1992, ta jawo shi, ta kwashe mu da Chinenye muka tafi ƙauye, Baba ya zauna. Na ɗauka shi ke nan. Muna can watanni, dangi suna ta cewa ai gara haka. Da ruwa ya fara ɗaukewa, wata safiya na ga Mama tana naɗe zannuwa. Ƙanwarta ta ce, "Ina kuma za ki?" Mama ta ce, "Na bar mutane a bango. Ubansu Nmachi ba zai iya ba, zai mai da su awaki." Muka dawo muka tarar mai keken ya rasa kai, masu daka biyu sun kusa shuɗewa. Mama Afiniki ta zo da ƙoƙonta kamar jiya muka rabu. Ba ta ce sannu da dawowa ba ma sai da ta dafa bangon.

Mama Afiniki, ke ce uwar bango. Ke ce kika ɗauki abin da baƙuwa ta zo da shi daga nesa, kika jiƙa shi da makubar garinmu har ya zama namu. Ke ce ba ki taɓa yi wa mai gida ƙarya don ki sami aiki ba. Babana ya kira ki ki riƙe masa mata, kika ƙi, kika gaya mata gaskiyar kowane zane, kika bar ta da ƙoƙo da bango. Da kin lallashe ta da daɗin baki, da ta gane, don mamata ba a yi mata wayo, da yanzu ina rubuta wannan daga wani gari, ko ma ban rubuta ba. Ba ki san karatu ba, kin ce in na gama Kaleb zai karanta miki. Kaleb, don Allah ka karanta wannan wurin a hankali.

Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Akwai gidaje daga nan har Kwoi da Kachia da hannunki yake jikinsu, kowanne da labarinsa, ni namu kawai na sani da kyau. Ba inda kika sa sunanki. Baƙo ya shigo ya ce, "Wa ya yi wannan?" a ce masa, "Wata mata ce." To, ga sunan matar.

Makon jiya ta zo yi mana sallama, ya kuma zo daidai da lokacin sabunta bangon. Mama ta riga ta dama farar ƙasa da kanta. Ta miƙa mata ƙoƙon ta ce, "Bana ke za ki ja layin farko, Mama Kaleb. Na ƙarshenki ne a gidan nan."

Mama Afiniki ta mai da hannayenta baya. "Doka bai canza ba don gwiwa ya tsufa. Bangon wa?"

Mama ta ce, "Nawa."

"To, ja layinki."

Ta zauna a kujera ta kalli Mama tana aiki, ta sha shayi, ta ce ƙaron ya yi kaɗan, a ƙara. Da za ta tafi ta dafa bangon sau ɗaya, ta ce ya bushe, ta ɗauki sandarta.

Mun gode, Mama Afiniki. Ubangiji ya ba gwiwarki sauƙi, ya sa ki ga 'ya'yan jikokinki, ya sa ki sauka Fadan Kaje lafiya. Ku kuma 'yan'uwana 'yan mata, da duk mai sana'ar hannu da ya karanta wannan, ku yi koyi da ita: ku faɗa wa mutum sharaɗin abu kafin ya zaɓa, sannan ku bar shi ya zaɓa. Masu son koyon zanen kuwa, Fadan Kaje ba nisa, bakinta kuma bai yi ritaya ba. In ba ku iya zuwa can, ku zo gidanmu idan ruwa ya ɗauke. Ta bar wa Mama tsinkayenta da guntun tsanin. Za ku same ta a kai, tana bin layin nan mai karkata.